BABI NA UKU: NA'URORIN FIƘE BAKIN BUTUTU KAFIN WALDA DA MATSAYINSU A ƘANƘARA DA FASKARI DA SABUWA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ita kanta sana'ar walda da ire-irenta. A wannan babi kuma za a dubi wani aiki ne da ake yi tun kafin mai walda ya ɗauki sandarsa, wato gyaran bakin bututun ƙarfe da za a haɗa da ɗan'uwansa. Za a bayyana ma'anar aikin da dalilin yin sa, da na'urorin zamani masu sarrafa kansu da aka ƙera dominsa, sannan a auna su da halin da masu walda suke ciki a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ta Jihar Katsina. Abin da babin yake son ya nuna shi ne, ƙarfin haɗin bututu ko rauninsa yana farawa ne daga siffar bakinsa, kuma kyawun waldar da ido yake gani daga waje ba ya iya gyara bakin da aka bari a lalace.

3.1 Ma'anar Fiƙar Baki da Dalilin Yin Ta

Idan aka yanke bututu da zarto, bakinsa yakan fito a miƙe. In aka haɗa irin waɗannan bakuna biyu sai su manne da juna, babu wata kafa da narkakken ƙarfe zai bi ya shiga ciki. Ga bututu mai siririn jiki, wanda kaurin bangonsa bai wuce kimanin milimita 3 ba, wannan ba matsala ba ce, domin zafin walda yana iya ratsa shi har ciki. Amma da zarar bango ya yi kauri, zafin yakan narkar da fatar sama ce kurum, cikin ya zauna yadda yake. Mai haɗa faranti biyu na ƙarfe yana iya juya su ya yi walda ta baya. Mai haɗa bututu kuwa galibi ba shi da wannan dama, don ba zai iya shiga cikinsa ba. Dole ne daga waje ya cika kaurin bangon duka.

Saboda haka ne ake zaftare gefen bakin a karkace, a zagaye shi gaba ɗaya, ta yadda in an kusanto da bututu biyu za a sami kwarmi a tsakaninsu mai siffar harafin V. Wannan aiki shi ne aka kira fiƙar baki a cikin wannan kundi. An aro kalmar ne daga fiƙar fensir ko ta tsinke, ko da yake ba ta zauna daidai ɗari bisa ɗari ba, domin shi fensir ana fiƙe shi har ya yi tsini, bakin bututu kuwa ba a son ya yi kaifi. Akan bar ɗan wuri a miƙe daga can ciki, wanda a nan za a riƙa kiran sa leɓe. Sannan in an zo haɗawa akan bar 'yar rata tsakanin leɓunan biyu. Ke nan abubuwa uku ake aunawa: kusurwar karkatar, da kaurin leɓe, da faɗin rata. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin maƙeran gargajiya ma in za su haɗa ƙarfe biyu a wuta sukan fara buge bakunansu su yi fale-fale kafin su ɗora wannan a kan wancan.

Waɗannan awo ba da ka ake yin su ba. Ƙa'idar API 5L ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka, wadda masana'antun bututun mai da gas suke bi, ta tanadi kusurwa mai digiri 30, an yarda ta ƙaru da digiri 5 amma ban da raguwa, da leɓe mai milimita 1.6, wanda zai iya ƙaruwa ko ya ragu da milimita 0.8. Ƙa'idar ASME B16.25 kuma, wadda aka fi amfani da ita a bututun cikin masana'antu, ta sa digiri 37.5 ga bangon da bai wuce milimita 22 ba. In ya wuce haka sai a yi kusurwa biyu, mai faɗi daga ƙasa, tsukakkiya daga sama.

Idan aka lura za a ga cewa kuskuren da aka yarda da shi a kaurin leɓe bai kai milimita ɗaya ba. Dalili shi ne kowace karkacewa tana da illarta. Leɓe in ya yi kauri, zubin farko ba zai ratsa ba, sai a bar wani siririn layi a ciki wanda bai narke ba, kuma daga irin wannan layi tsaga take farawa. In ya yi siriri da yawa sai wuta ta huda shi, narkakken ƙarfe ya zuba cikin bututun ya daskare. Kusurwa in ta tsuke, sandar walda ba za ta kai ƙasan kwarmi ba, kashin walda ya maƙale a gefe, zubi na gaba ya binne shi. In kuwa ta buɗe fiye da kima, to an jawo ɓarnar sanda da lokaci, ga yawan zafi da yake tanƙwara ƙarfe. Ana iya ganin wannan da ɗan lissafi. A kwarmi mai digiri 30 kowane gefe, in aka ajiye batun leɓe da rata, faɗin gurbin da za a cika shi ne kaurin bango sau kansa sau 0.577. Bango mai milimita 10 zai ba da kimanin murabba'in milimita 58, mai milimita 20 kuwa zai ba da 231. Wato ninka kauri sau biyu yana ninka ƙarfen cikawa sau huɗu. Wannan lissafi shi ne ya tura injiniyoyi neman hanyar tsuke kwarmi, kuma shi ne ya haifar da na'urorin da za a yi bayani a kansu.

3.2 Hanyoyin da Suka Gabaci Na'ura Mai Sarrafa Kanta

Hanya mafi sauƙi ita ce gurzawa da injin gurza na hannu mai faifan dutse. Ba ta da tsada, amma sakamakonta ya dogara ga ido da hannun mai yi, kuma hannu yakan gaji. Da wuya a sami kusurwar da aka faro da ita ta zagayo ta dawo daidai. Hanya ta biyu ita ce yanka da harshen wutar gas, a karkata bakin abin yankan. Tun cikin shekarun 1930 aka fara ƙera wata na'ura a birnin Tulsa na Amurka mai kama da sirdi, wadda ake ɗora wa bututu, ta riƙe abin yankan a kusurwar da ake so, mutum yana juya marfi tana zagayawa. Ta rage rawar hannu, amma wuta takan bar ɓawo da kaushi a bakin, tana kuma sauya halin ƙarfen da yake dab da yankan, saboda haka dole a sake bi da injin gurza a fitar da leɓe. Bugu da ƙari, wutar gas ba ta yanka ƙarfen da ba ya tsatsa yadda ya kamata.

3.3 Yadda Na'urar Zamani Take Aiki

Na'urar da ake kai wa filin shimfiɗa manyan bututu ba ta amfani da wuta ko kaɗan. Sassaƙa take yi, kamar yadda masassaƙi yake fere turmi, sai dai a nan bututun yana tsaye wuri ɗaya, wuƙaƙen ne suke zagaya shi. Tana da sassa biyu manya. Na farko shi ne marikin da ake zura wa cikin bututu, mai jerin ƙafafu da suke buɗewa da ƙarfin matsin mai su dafe bangon ciki ta kowane gefe. Wannan yana daidaita tsakiyar na'urar da tsakiyar bututun, yana kuma hana ta motsi. Na biyu shi ne babban faifai mai juyawa, wanda aka ɗaura wa wuƙaƙe masu baki na wani gauraye mai tsananin tauri. Yayin da faifan yake juyawa, na'urar tana tura shi gaba kaɗan-kaɗan, kowace wuƙa da aikinta: wata tana daidaita fuskar baki, wata tana fitar da karkata, wata tana share gefen ciki. In ta kai iyakar da aka saita mata sai ta tsaya. Ƙarfen da aka zaftare yakan fito a nannaɗe, bakin kuma ya fito sumul yana ƙyalli, cikin 'yan mintoci. Saboda nauyinta, da katafila mai ƙugiya a gefe ake ɗaukar ta daga wannan bututu zuwa wancan.

Akwai wata dabara a jikinta da ta cancanci a tsaya a kanta. Babu bututun da yake da cikakkiyar da'ira. Ɗauka da saukewa da jibgewa a kan juna sukan sa bakinsa ya ɗan yi siffar ƙwai. Da a ce wuƙaƙen suna bin da'ira cikakkiya ne, da leɓen zai yi kauri a wani gefe ya yi siriri a wani. Don haka aka sa wa mariƙin wuƙa wata 'yar taya da take birgima a bangon ciki, wani ƙarfe mai tsalle yana danna ta. Duk inda bango ya shiga ko ya fita, wuƙa tana bin sa, sai leɓe ya fito da kauri ɗaya a duk zagayen. A ra'ayin mai wannan bincike, wannan 'yar taya ta fi duk sauran sassan muhimmanci, domin ita take yin abin da babu hannun da zai iya.

Ban da wannan akwai ƙananan na'urori. Akwai wadda ta rabu gida biyu kamar ɓawon gyaɗa, a rungume bututu da ita daga waje a ɗaure, ta yanke shi ta fiƙe shi a lokaci ɗaya. Ita aka fi so wajen gyaran tsohon bututun mai ko gas, saboda ba ta da harshen wuta. Akwai kuma 'yar ƙarama da mutum ɗaya zai iya ɗauka, mai aiki da lantarki ko matsin iska, don bututu masu 'yan inci kaɗan. A cikin manyan masana'antu kuwa akwai waɗanda kwamfuta take sarrafawa, a ba su zane su yanka.

To, me ya sa sai da na'ura? Amsar tana tattare da ita kanta waldar. Ƙwararren mai walda in ya ga rata ta buɗe yakan sauya tafiyar hannunsa, in ta tsuke ya ɗan dakata. Yana gyara kuskuren baki yana tafiya. Amma tun daga ƙarshen shekarun 1960, lokacin da kamfanin CRC na Amurka ya fito da injin walda da yake bin wata dogo da aka ɗaura wa bututu, aikin ya sauya. Injin yana tafiya ne bisa saitin da aka yi masa, kuma ko na zamani masu na'urar bin layi ba su kai mutum jure wa kuskure ba. Daɗin daɗawa, don a rage ƙarfen cikawa, irin wannan walda tana amfani da tsukakken kwarmi mai siffar harafin U, wanda gefensa yake kusan a tsaye, karkatarsa 'yan digiri kaɗan ce. Ba a iya fitar da wannan siffa da injin gurza ko da wuta. Shi ya sa ake sake fiƙe bakin da ya zo daga masana'anta a nan filin aiki, dab da lokacin walda, kafin tsatsa ko bugu su taɓa shi.

3.4 Misali Daga Bututun Gas na Ajakuta Zuwa Kano

Arewacin Nijeriya ba baƙon bututun ƙarfe ba ne. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, da bututu aka tsara kai mata ɗanyen mai daga kudu, kuma daga gare ta aka ja bututu zuwa ma'ajiyoyin mai irin na Kano da Gusau. Amma aikin da ya fi dacewa da wannan bayani shi ne bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka fi sani da AKK. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da aikin ranar 30 ga Yuni, 2020. Tsawonsa kilomita 614 ne, faɗin bakinsa inci 40.

Daga waɗannan alƙaluma biyu ana iya fitar da girman aikin fiƙa. Manyan bututu sukan zo ne da tsawon kimanin mita 12 kowanne. In aka raba kilomita 614 da mita 12 za a sami haɗi sama da 51,000, wato bakuna sama da 102,000. Inci 40 daidai yake da milimita 1,016, zagayensa kuma ya kusa mita 3.2. Ke nan kowane baki yana da fiye da mita uku na leɓe da ake son kaurinsa ya zauna daidai. Haɗi ɗaya tak in ya tsage a ƙarƙashin matsin gas, ya isa ya tsayar da layin duka, ban da haɗarin gobara ga ƙauyukan da suke kusa. Saboda haka ne ƙa'idar waldar bututu ta API 1104 ta tanadi binciken haɗi da hoton da yake ratsa ƙarfe ko da na'urar sauti. Haɗin da ya faɗi jarrabawa sai an tone shi an sake, ko a yanke shi gaba ɗaya, ayarin ma'aikata da injuna suna jira. Haka abin yake a Jamhuriyar Nijar, inda kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa bututun ɗanyen mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Jamhuriyar Benin, wanda aka fara fitar da mai ta cikinsa a 2024.

3.5 Halin da Ake Ciki a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Waɗannan ƙananan hukumomi uku na kudancin Jihar Katsina yanki ne na noma, musamman masara da dawa da auduga da waken soya. Aikin mai walda a nan ya ta'allaƙa ne ga bukatun manomi da magidanci: ƙyaure da taga, gyaran garmar shanu da amalanke, injin niƙa da na casar masara, rumfunan kasuwa, da hasumiyar ɗora tankin ruwa a kan rijiyar burtsatse. Yawancin bututun da ake amfani da shi a waɗannan ayyuka siriri ne, kuma ba ruwa ko gas yake ɗauka ba, nauyi yake tallafa. Bututun ruwan gida kuma ko dai na roba ne ko na ƙarfe mai zare da ake murɗawa. Duk wanda ya ce a kawo wa irin wannan wuri na'urar da ake ɗauka da katafila bai san yankin ba. Babu aikin da zai biya kuɗinta, wutar lantarki ba ta tsayawa, ga kuma matsalar tsaro da ta addabi ƙananan hukumomin uku shekara da shekaru, wadda ta sa ba kowa yake son zuba jari mai nauyi a can ba.

Sai dai rashin bukatar babbar na'ura bai kawar da bukatar fiƙa ba. A zagayen da mai wannan bincike ya yi a wuraren masu walda na bakin hanya, abin da ya fi gani shi ne a yanke bututu, a kara baki da baki, a ɗiɗɗiga a wurare uku ko huɗu, sannan a zagaye da zubi ɗaya mai kauri. In an tashi amfani da injin gurza, bayan walda ake yi, don a goge saman ya yi kyau. Wato ana amfani da kayan aikin da ya dace, amma a lokacin da bai dace ba, har ma gogewar takan rage ɗan ƙarfen da yake riƙe da haɗin. Ya taɓa ganin ƙafar wata hasumiyar tanki da ta ɓalle a daidai mahaɗa. Da ya duba karyayyen wurin sai ya tarar da sawun zarto yana nan a kan mafi yawan kaurin bangon, alamar wuta ba ta taɓa kai wa can ba. Siririn zobe ne kawai na waje yake ɗauke da nauyin. Ya kamata a tuna cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 5,000 nauyin tan 5 ne a saman kawunan mata da yara masu ɗibar ruwa.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan masu sana'ar. Fiƙa tana cin faifan gurza, tana cin man janareta, sannan kwarmin da aka buɗe yana bukatar zubi biyu ko uku maimakon ɗaya. Mai ba da aiki kuwa yakan nemi mai araha ne, kuma ba ya iya bambance haɗin da ya ratsa da wanda bai ratsa ba, tunda daga waje kamarsu ɗaya. Mai walda da ya tsaya yin aikin bisa ƙa'ida sai ya ga abokin sana'arsa na gefe ya kwashe masa ciniki. Yaron da yake koyo a wurin maigidansa kuma abin da ya gani shi zai ɗauka.

Akwai wani ɓangare na wannan matsala da ya shafi samun aiki. Kamfanonin shimfiɗa bututu ba sa ɗaukar mai walda sai ya ci jarrabawar gwaji, inda za a ba shi guntayen bututu biyu ya haɗa, a yanka haɗin a lanƙwasa a ga ko zai buɗe. Wanda ya shekara goma yana walda amma bai taɓa zuba zubin farko a cikin kwarmi mai leɓe da rata ba, da wuya ya tsallake wannan gwaji, komai saurin hannunsa. Ga shi kuwa ayyukan da suke bukatar irin wannan ƙwarewa suna matsowa kusa: gidajen mai, da wuraren ɗura gas na girki, da shirin mayar da motoci masu amfani da gas da Gwamnatin Tarayya ta fito da shi a 2023.

Bisa wannan, abin da ya dace da yankin ya kasu mataki-mataki. Mafi sauƙi shi ne ma'aunin kusurwa, wani ɗan faranti da aka yanka a digiri 30 ko 37.5, wanda mai walda zai iya ƙera wa kansa daga ragowar ƙarfe, ya riƙa kara shi a bakin bututu yana gurzawa. Don daidaita rata kuwa, guntuwar waya mai kaurin da ake bukata ta wadatar, a sa ta tsakanin leɓuna a ɗiga sannan a zare. Sama da wannan sai 'yar ƙaramar na'urar nan ta hannu, wadda ƙungiyar masu walda ta gari ɗaya za ta iya mallaka a riƙa haya, ko a ajiye ta a wurin koyarwa irin Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da take Funtuwa, garin da ya fi kusa da Faskari da Sabuwa a cikin manyan garuruwan yankin, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da take Katsina. Kafin a sayi irin wannan na'ura wajibi ne a tabbatar da inda za a riƙa samun wuƙaƙenta, domin suna dakushewa, kuma masu bakin gauraye mai tauri ba a wasa su da dutsen wasa wuƙa na gida, sai dai a sauya.